Ƙwallon mangwaro: Nauyin da 'yan kasuwar Ƙonni ke biya wa kuɗin mota su zubar a juji

Duk wanda ya shiga kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba a tsakanin watan Afrilu da watan Yuni, ko ya tsaya a bakin babban titin nan da ya taso daga Yamai ya ratsa Galmi da Madawa ya nufi Maraɗi, ba ya buƙatar a gaya masa cewa lokacin mangwaro ya kama. Ga shi nan kashi-kashi a kan faranti, ga shi a kwanduna da kwalaye, ga yara na sha ruwansa na bin gwiwar hannu. Da la'asar kuwa idan kasuwa ta fara watsewa, abin da mutum zai tarar a ƙasa shi ne ƙwallaye birjik, ƙudaje na bin su. Masu iya magana kan ce a yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda, kuma haka kowa ke yi, mai saye da mai sayarwa. Sai dai kafin a yar da shi ɗin, ya kamata 'yar kasuwa ta tuna cewa wannan ƙwallo ba kyauta aka ba ta shi ba. Da shi aka auna mata kaya, da shi aka yanka mata kuɗin mota, da shi kuma ɗan dako ya ɗauka ya ce kayan sun yi nauyi a ƙara masa.

Lissafin ba shi da wuya. Nauyin ƙwallo a jikin mangwaro yakan kama daga kusan kashi 10 cikin 100 a manyan nau'o'in da aka yi wa aure, irin su Kent, har ya kai kashi 20 ko 25 cikin 100 a ƙananan nau'o'inmu na gida masu zare. Ke nan matar da ta sari kilo 100 na ɗan gida, tana iya kasancewa ta ɗauko kilo 20 ko fiye na ƙwallo zalla, ba a ma zo maganar ɓawo ba, alhali abokiyar sana'arta da ta sari kilo 100 na ɗan aure, ƙwallonta bai wuce kilo goma ba. Mota ɗaya suka shiga, kuɗi ɗaya direba ya karɓa, shingaye ɗaya suka ratsa. A shekarun da hanya ke da sauƙi babu wanda ya damu da wannan bambanci, to amma idan mai karatu bai manta ba, hanyar Ƙonni zuwa Illela ta Nijeriya da Sakkwato ta sha wahala a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai a watan Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, sai a watan Maris na 2024 ɓangarorin biyu suka buɗe. Shanu da hatsi suna iya jira a bakin iyaka. Mangwaro kuwa kwana uku a cikin zafin bazara ya ishe shi ya koma abin zubarwa. Duk lokacin da kuɗin sufuri ya hau, to kowane kilo da ba a ci a cikin kwando ya zama asara mai ciwo.

Shi ya sa yau muka ga ya dace mu duba abin da masana kimiyyar tsirrai suka gano game da wannan ƙwallo, domin amfaninsa ya fi kusa da aljihun 'yan kasuwa fiye da yadda ake zato.

Da farko dai abin da muke kira ƙwallo abu biyu ne a haɗe. Akwai ɓawon nan mai tauri da zare ke manne da shi, akwai kuma ƙwayar da ke ciki, wadda ita ce ainihin iri. Ɓawon mai tauri jikin uwa ne, wato bangon ciki ne na ɗan itacen, daga bishiyar da ta haife shi kaɗai ya ɗauko siffarsa. Ƙwayar ciki ita ce jaririn, kuma ita ce ke ɗauke da gadon uwa da na uba. Mangwaro yana da igiyoyin gado guda 40 a cikin kowace ƙwayar halittarsa, 20 daga uwa, 20 daga uba, kamar yadda ɗan Adam ke da 46. Uban kuwa shi ne bishiyar da aka ɗauko garin furenta aka kawo. Abin dariya a nan shi ne, ƙudan da muke yar da ƙwallo don mu huta da shi, yana cikin manyan masu yin wannan dako na garin fure daga bishiya zuwa bishiya, tare da ƙudan zuma da sauran ƙwari. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai lambun da ya dasa Kent kusa da ɗan gida ba zai ga 'ya'yan Kent ɗinsa sun koma masu zare ba, domin tsoka da ɓawon ƙwallo duk na uwa ne. To amma ƙwayar da ke cikin wannan Kent ɗin ta riga ta gauraya, kuma babu mai iya sanin wane ne ubanta.

A nan ne mutane da yawa suka sha ciwon kai. Mutum zai sayi ƙaton mangwaro mai zaƙi marar zare, ya sha ya ji daɗi, ya ce wannan ƙwallon ba na yarwa ba ne, ya kai gida ya binne a bayan ɗaki, ya yi ta ban ruwa shekara biyar, shida, wani lokaci har takwas. Ranar da bishiyar ta yi 'ya'ya sai ya ga wani abu daban, ƙarami, ko mai tsami, ko mai warin ƙaro. Sai ya ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba, ko an yi masa baki. Ba ƙasa ba ce, gado ne. Maƙwabcinsa kuwa da ya binne ƙwallon ɗan gida, bishiyarsa ta fito sak uwarta, ba ragi ba ƙari.

Dalilin yana cikin ƙwayar, kuma kowace mace na iya gani da idonta idan ta sa wuƙa ta buɗe ɓawon a hankali. Mangwaron duniya gida biyu ne. Akwai wanda asalinsa daga Indiya ne, shi ƙwayarsa guda ɗaya ce mai ɓari biyu kamar ƙaton wake, tsiro ɗaya take fitarwa, kuma wannan tsiro ɗan uwa da uba ne, yana iya ɗauko kowa a dangi. Kent da Keitt da Haden da Amelie da Julie duk 'yan wannan gida ne. Akwai kuma wanda asalinsa daga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ne, shi idan aka buɗe za a ga ƙwayar a rarrabe gutsure-gutsure, an cusa su wuri ɗaya, idan aka shuka sai tsiro uku ko huɗu ko fiye su fito daga ƙwallo ɗaya. Mafi yawan waɗannan tsirrai ba su da uba, daga jikin uwar suka tsago, saboda haka kwafinta ne. Guda ɗaya ne kawai a cikinsu kan zama ɗan uwa da uba, shi ma sau da yawa 'yan'uwan kan danne shi. Tsofaffin mangwarorinmu masu zare da suka bazu a Afirka ta Yamma tun ƙarni na 19 galibinsu 'yan wannan gida na biyu ne, shi ya sa suka cika garuruwa ba tare da kowa ya koyi aure ba. Duk inda matafiyi ya yar da ƙwallo ruwa ya same shi, irin uwar ne zai tashi.

Tun a 1998 wasu masu bincike a Isra'ila suka nuna cewa wannan hali na fitar da tsiro da yawa, ƙwayar gado guda ɗaya tak ce ke riƙe da shi, kuma mai rinjaye ce, wato ko daga ɓangare ɗaya aka gaje ta sai ta bayyana. An daɗe ba a san inda take ba, sai da aka karanta dukkan rubutun gadon mangwaro, na nau'in Alphonso na Indiya a 2020 da na Tommy Atkins a 2021. A 2023 masana a cibiyar binciken noma ta Volcani suka bayyana cewa sun same ta a kan igiya ta bakwai, suka kira ta MiRWP. Abin da ya faru shi ne wani guntun rubutun gado ya faɗo ya maƙale a gabanta, ya sa ta tashi aiki a inda da can take barci, sai jikin uwa ya riƙa ƙera jarirai da kansa. Wani abin mamaki kuma, masana a ƙasar Sin sun riga sun gano a 2017 cewa 'yar'uwar wannan ƙwayar gado ce ke yin irin wannan aiki a cikin lemu. Duk wadda ta taɓa shuka ƙwayar lemu ta ga tsiro biyu ko uku sun fito, to ta ga aikinta.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mai faranti a bakin tasha da igiya ta bakwai? Ruwanta shi ne lokaci. A da, mai neman sabon nau'in mangwaro sai ya haɗa bishiya biyu, ya shuka 'ya'yansu, ya zauna jiran shekaru kafin ya san wanne ne ya gaji me, ga shi kuma mangwaro bishiya ce mai ɓarnar fure, domin a cikin ɗaruruwa ko dubban furannin da ke reshe ɗaya, wanda ke kaiwa ga nuna bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa fitar da nau'i ɗaya kan ci shekara 15 zuwa 20. Yanzu kuwa da ɗan ganyen dashe mai wata biyu ana iya gwadawa a ɗakin bincike a san ko yana ɗauke da wannan hali. Ma'ana, hanya ta buɗe ta samar da mangwaro mai tsoka irin ta ɗan aure, wanda kuma talaka zai iya shuka ƙwallonsa ya fito sak, ba sai ya nemi mai aure ya biya shi ba. Ba mafarki ba ne, domin akwai irinsu a duniya. Nam Dok Mai na Tailan da Carabao na Filifin da Ataulfo na Meziko duk masu siririn ƙwallo ne marasa zare sosai, kuma duk masu tsiro da yawa ne.

Sai dai a nan dole a yi gaskiya. Girman ƙwallo da kaurinsa ba su da sauƙin kamawa kamar wancan hali. Ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba, taron dangi ne, kowace na ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan, sannan ruwa da taki da yawan 'ya'yan da bishiya ta ɗauka su ma su sa hannu. Bishiyar da ta sha ƙishirwa a lokacin da 'ya'yanta ke girma, ƙwallon zai kusan cika girmansa, tsokar ce za ta ƙanƙance, sai ka ga mangwaro duk ƙwallo. Saboda haka 'yar kasuwar da ta ga kayan wani lambu sun rame bana, kada ta yi saurin cewa an sauya mata iri, wataƙila rijiyar mai lambun ce ta ja baya.

Wannan ya kawo mu ga zancen da ke yawo a wayoyi, na mangwaro marar ƙwallo. Ana ganin hotuna a Facebook an raba mangwaro biyu tsoka zalla, wasu har suna tambayar inda za su sami dashensa. Shawararmu ita ce kowa ya riƙe kuɗinsa. Wanda ya fi kusa da wannan suna shi ne Sindhu, da wata jami'ar noma a yankin Konkan na Indiya ta fitar a 1992 daga haɗin Ratna da Alphonso, shi ma kuma yana da ƙwallo, sai dai siriri ne ƙwarai kamar faifai. Dalilin da ya sa abin ke da wuya shi ne, ƙwayar da ke ciki ita ce ke kiran abinci. Tana fitar da wasu sinadarai da ke sa bishiya ta turo ruwa da zaƙi zuwa ga wannan ɗa, su kuma hana shi faɗuwa. Idan jaririn ya mutu tun yana ƙarami, sai ɗan ya tsaya bai girma ba, ko ya kakkaɓe. Masu lambu a Ƙonni da Malbaza da Illela sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Mangwaro kan yi fure ne a cikin hunturu, kuma idan sanyin dare ya sauka ƙasa da awo 15 a ma'aunin zafi a daidai lokacin da fure ke ɗaukar ciki, jarirai da yawa kan lalace, sai a sami 'yan mitsi-mitsin mangwaro kamar ƙwan kaza, masu zaƙi, ƙwallonsu fanko. Manoman Ataulfo a Meziko suna fama da irin wannan, har suna kiran su jariran mangwaro, kuma asara suke lissafa su domin ba sa kai girman da kasuwa ke so. Ayaba da kankana marar ƙwaya hanyarsu daban ce, kada a auna mangwaro da su.

Akwai kuma wani wurin da ƙwallo ke yi wa 'yar kasuwa magana, wato wajen gane kayan da suka ƙosa. Mangwaro ba ya ƙosawa sai ɓawon ƙwallonsa ya yi tauri, kuma launin nuna daga jikin ƙwallo yake farawa ya fito waje. Manyan kamfanonin da ke fitar da shi zuwa Turai da haka suke gwadawa, a ɗauki 'yan kaɗan a yanka, idan tsokar da ke manne da ƙwallo ta fara komawa ɗorawa, to zai nuna da kansa ya yi zaƙi. Idan fara ce fat, wuƙa kuma tana shiga ƙwallon, to an yi masa sauri, ko an rufe shi da buhu ko an sa masa kabayit, fatar ce kawai za ta yi launi, ciki tsami. Wannan batu zai ƙara zafi a shekaru masu zuwa saboda azumi. A 2021 da 2022 watan Ramadan ya faɗo a Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da mangwaro ya cika kasuwa. A 2025 a cikin Maris aka yi shi, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Buƙatar kayan buɗa-baki na nan, bishiya kuma ba ta san kalanda ba, saboda haka masu gaggawar tsinke ɗanye su dafa shi da kabayit za su ƙaru, duk da gargaɗin da hukumomin lafiya irin su NAFDAC a Nijeriya suka sha yi a kan illarsa. Matar da za ta sari kwando goma, ba ta yi asara ba idan ta ce a yanka mata guda uku daga tsakiyar kwando ta duba jikin ƙwallo kafin ta kwance bakin zane. Dillalin da ya ƙi yarda a yanka, ya riga ya ba ta amsa.

Haka nan idan aka yanka aka tarar tsokar da ke kewaye da ƙwallo ta narke ta yi ruwa-ruwa alhali waje lafiya lau, wannan ma masu bincike a Indiya sun danganta shi da ƙwayar da ta fara yunƙurin tsira tun tana cikin ɗa, tana janye abinci daga tsokar da ke kusa da ita. An fi ganin haka a kayan da aka bari suka wuce lokaci a kan bishiya. Irin waɗannan ba sa jure tafiya, a sayar da su a ranar.

To tunda ɗan aure ya fi tsoka, me ya hana kowa ya koma kansa? Abu na farko ƙuda ne, ba na juji ba, wani na daban mai huda fata ya zuba ƙwai, tsutsa ta tashi a ciki. Baƙo ne daga Asiya, an fara ganinsa a Kenya a 2003, zuwa 2004 ya iso Afirka ta Yamma, kuma yawansa yana hauhawa ne da zarar damina ta sauka. Kent da Keitt kuwa 'yan baya ne, suna nuna daidai lokacin da shi yake kan ganiyarsa, alhali ɗan gida da Amelie sun riga sun gama. Wannan ƙuda yar da ƙwallo ba ya raba mutum da shi, hasali ma ruɓaɓɓen mangwaron da aka watsar a ƙasa shi ne gidan haihuwarsa, sai an binne shi da zurfi ko an ɗaure a baƙar leda an bar shi a rana. Abu na biyu kuma mai saye ne. Yaron da aka ba 'yan canji, da magidancin da zai raba wa yara goma, ƙananan suke nema, ba ƙato guda ɗaya ba. Don haka ɗan gida ba zai bar faranti ba, kuma bai kamata ya bari ba.

Hasali ma ɗan aure da kansa a kan ɗan gida yake tsaye. Aure, wanda masu jin Faransanci ke cewa girefe, shi ne a yanko reshen bishiyar da ake so a ɗaura a kan gindin wata. Gindin da masu rainon dashe suka fi so shi ne na ɗan gida mai tsiro da yawa, domin duk kansu ɗaya suke tashi, ga jure ƙasarmu da zafinmu. Su kansu Kent da Keitt ɗin da ake ji da su, asalinsu ƙwallaye ne da wasu suka binne a bayan gida a jihar Fulorida ta Amurka aka yi dace. Haden ya fito ne daga ƙwallon wani nau'in Indiya mai suna Mulgoba da Kyaftin John Haden ya shuka a 1902, Kent kuma an dasa uwarsa a 1932. Tun daga lokacin duk wani Kent da ke duniya reshe ne daga wannan bishiya guda, ana ɗaurawa daga gindi zuwa gindi, har ya iso yankinmu ta tashar bincike ta Fulaya kusa da Kindiya a ƙasar Gini a zamanin mulkin Faransa. Wanda aka yi wa aure kan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu.

'Yan kasuwa da yawa, maza da mata, idan Allah ya buɗa sukan sayi ɗan fili a fadama su dasa itatuwa don tsufa, kuma damina ce lokacin sayen dashe, musamman wajajen 3 ga Agusta da ake bikin dashen itatuwa a Nijar tun 1975. A nan ake cutar mutane. Dashen da aka ce maka Kent ne, duba jikinsa kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, dole ka ga tabon inda aka haɗa reshe da gindi. Idan babu tabo, ko da gaske daga ƙwallon Kent ya tsiro, caca ka saya. Bayan an dasa kuma, duk reshen da ya fito ƙasa da tabon na gindi ne, a cire shi, in ba haka ba zai fi ƙarfin amaryar ya kashe ta, bayan shekara huɗu mai lambu ya tarar ɗan gida yake ta yi wa ban ruwa.

Wannan na nufin ƙwallayen da ake sharewa da yamma a kasuwa suna da masu buƙata. Sai dai ƙwayar mangwaro ba kamar gero ba ce da za a ajiye a rumbu, idan ta bushe a rana cikin 'yan makonni ta mutu, dole a wanke a shanya a inuwa a kai wa mai rainon dashe da wuri. Ƙwayar kuma tana da gari da mai. A Indiya ana tatsar man ana sayarwa masu yin man shafawa, kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 da ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wani mai daban a cikin cakulan, mai shida kawai ta lissafa, a ciki akwai man kaɗanya da matanmu suka sani, akwai kuma man ƙwayar mangwaro. Ba muna cewa gobe motar Turawa za ta tsaya a Ƙonni tana awon ƙwallo ba ne, wannan ciniki ne mai son tari da yawa da tsafta da ƙungiya. Amma ko a gida, ƙwayar da aka jiƙa aka tafasa don a rage ɗacinta aka busar aka daka, ana iya gauraya kaɗan a abincin kaji da na tumaki, a lokacin bazara da dusa ke tsada.

Saura hukuma. Mutanen Galmi sun fi kowa sanin darajar iri, domin sun ga yadda wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi ya yi rajistar albasar Galmi da sunansa a hukumar OAPI, sai da manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye a 2009 kafin a dakatar da abin. Mangwaro bai sami irin wannan kulawa ba. Ga cibiyar INRAN da aka kafa tun 1975 tana da tasha a nan Ƙonni, ga jami'ar Tawa, ga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ga kuma filin noman rani na Ƙonni mai eka sama da 2,400 ta awon hekta, da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. A ganinmu aikin farko ba ya buƙatar na'urar da ta fi sikeli da wuƙa. A bi lambunan Ƙonni da Malbaza da Illela da kwarin Majiya a lokacin nuna, a auna 'ya'yan kowace tsohuwar bishiya, a auna ƙwallonta, a buɗe a ga ƙwaya ɗaya ce ko da yawa, a rubuta. A cikin dubban bishiyoyin da suka tashi daga ƙwallo, wasu 'ya'yan gaurayen ɗan gida da ɗan aure ne, kuma tunda halin tsiro da yawa mai rinjaye ne, babu mamaki a sami wadda ta haɗa ƙaramin ƙwallo da fitowa sak uwa. Masu binciken ma ba sai sun sha wahalar nema ba, su tambayi matan da ke sari. Su ne suka san lambun da kayansa ba sa kwana a faranti, suka kuma san bishiyar da ake yin rububin 'ya'yanta tun suna ɗanye.